Ɓarawon da Ke Cikin Dami

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa ta manoma, mai zafin nama, mai saurin fushi da saurin hucewa, wanda in ya yi niyyar alheri ba ya iya jiran gari ya waye. Talakawansa suna sonsa, suna kuma ɗan shakkar alherinsa, domin alherin sarkin nan da gudu yakan shigo gida, bai cika tsayawa ya yi sallama ba.

Wata shekara yunwa ta faɗa wa ƙasar. Mutane sun cinye hatsinsu tun da rani, wasu sun sayar, da damina ta sauka sai aka rasa iri, aka rasa mai ƙarfin ɗaga fartanya. Sarki ya ga abin da ya sa shi hawaye a gaban jama'a, ya yi alkawari ba za a sake haka ba yana raye. Ya tara Waziri da Ma'aji da Sarkin Noma da dagatai, suka kwana uku suna shawara, suka fito da doka. In an gama kaka, kowane maigida ya ware wa iyalinsa abincin rani, dami shida na gero ga kowane kai, wato dami guda a wata. Sauran a zuba a rumbu, a liƙe bakinsa da laka, dagaci ya danna hatiminsa, kada a buɗe sai ruwan shuka ya sauka. Wanda ya fasa rumbu kafin nan, namiji ne ko mace, a fitar da shi daga ƙasar, kada ya dawo.

Yadda aka san dami guda ya isa kuwa, Ma'aji ne ya kawo babban mizani, aka ɗora dami a gefe ɗaya, aka yi ta zuba garin tuwo a ɗaya gefen har suka daidaita. Aka duba garin, aka ga ya ishi ƙato ya ci wata guda har ya yi kyauta. Sai aka nemo dutse mai nauyin damin nan aka ajiye a taska don shaida. Kowa ya jinjina wa wannan hikima, sarki ya yi wa Ma'aji kyautar alkyabba. Duk mutanen da ke zauren nan tun suna yara suke cin tuwo, saboda haka kowannensu ya ɗauka ya san tuwo.

Doka ta yi aiki, yunwar damina ta kau. Amma ba a cika shekara uku ba sai Alkali ya zo ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ya sarki, da can shari'ar iyakar gona da ta gado ke cika mini zaure. Yanzu kuwa ba abin da ke zuwa daga ƙauyuka sai mata da ƙullin kaya a ka, da maza da jan ido. Auren da ya shekara ashirin lafiya, rani guda ke kashe shi."

Sarki ya tambayi fadawansa dalili. Waziri ya ce matan zamani ne ba su da haƙuri. Ma'aji ya ce maza ne ke tafiya cin rani su kwaso halin birni. Sarkin Noma ya ce ai duk zugar surukai ce. Sarki ya aika masu wa'azi ƙauye-ƙauye, suka yi ta faɗa har muryoyinsu suka dishe, mutane suka saurara da ladabi, suka koma gida suka ci gaba da faɗansu daga inda suka tsaya.

Ana nan, wata ranar Laraba da hantsi, ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka, sai dagacin wani ƙauye da ake kira Tungar Marke ya iso fada da mutum uku. Akwai wani manomi mai suna Nomau, da matarsa Tasalla wadda ake zargi da fasa rumbu, da wani tsoho maginin rumbuna mai suna Mantau, wanda aka taho da shi don ya shaida shi ya liƙe bakin rumbun da hannunsa.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu biyar ne a gidana, ni da ita da yara uku. Dami talatin na ware a gaban dagaci, ko zangarniya ban rage ba. Na tafi cin rani, wata huɗu ina dako a birni, ko loma ban ci a gidan ba, rabona ma ita na bar wa. Na dawo sharar gona, har da sabon zane na riƙo mata, sai na tarar ba dami ko ɗaya, an kuma huda mini rumbu ta gindi. In ba gidan iyayenta take jida ba, ina hatsina ya tafi?"

Tasalla ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ranka ya daɗe, rumbu ni na huda, ba zan yi musu ba. Kwana biyu yarana suna shan ruwan rama, ga hatsin ubansu a tsakar gida an liƙe. Amma wallahi ko ƙwaya ban kai gidanmu ba. Tun wata na huɗu damman suka ƙare, na sayar da akuyata muka ci, ita ma ta ƙare. In har abin da ya bari na wata shida ne, to maigida ya rage wani abu ya sayar kafin ya tafi, ya bar ni da ɗaukar suna."

Nomau ya zabura ya ce, "Ni na sayar?"

Ta ce, "Ni na jida?"

Sarkin Dogarai ya daka mata tsawa ya yo kanta. Sai sarki ya ga Nomau, ba tare da ya sani ba, ya miƙa hannu ya tare tsakanin dogarin da matar da yake ƙara. Wannan hannu ya tsaya wa sarki a rai. Shekara ashirin yana shari'a, ya san idon maƙaryaci, bai kuwa gan shi a fuskar ko ɗayansu ba. Ga doka a fili, dokarsa ce, ta ce a kori matar nan ta bar 'ya'ya uku, ƙaraminsu ko wata biyu bai yi da yaye ba. Ransa ya ɓaci, ya yi ta juya maganar. Can sai fuskarsa ta washe, ya miƙe tsaye zumbur, har rawaninsa ya karkace.

Ya ce, "Ɓarawo ne! In shi ya ba da cikakke, ita kuma ba ta kai ko'ina ba, ai akwai na uku da ke shiga tsakaninsu. Shi ke kashe mini aure a ƙasa! Na rantse da Wanda ya ɗora ni kan gadon nan, kafin rana ta faɗi gobe sai an sa wa ɓarawon nan igiya a hannu, ko wane ne shi. In kuwa an bincika ba a same shi ba, to matar nan ce, doka ta hau kanta."

Fadawa suka ɗauki kirari. Cikin hayaniyar nan sai aka ji tsohon magini ya ce a hankali, kamar mai magana da sandarsa, "Allah ya sa igiyar ta kai."

Kunnen sarki ya kama. Ya ce, "Ya kai tsoho, matso. Mece ce sana'arka?"

Mantau ya ce, "Ya sarki, shekara arba'in ina gina ɗakin da ke raya aure. Shekara uku ke nan kuma ana sa ni ina liƙe bakin kabarinsa."

"Ka san ɓarawon da nake nema?"

"Na san su, ya sarki. Su uku ne, da ubangidansu."

Sarki ya sauko daga kan gado taki biyu, idonsa na ƙyalli. Ya ce, "Siffanta mini su."

"Biyu ba su da hannu. Na uku da sallama yake shiga, a shimfiɗa masa tabarma. Ubangidansu kuwa bai taɓa taka ƙauyenmu ba, bai kuma taɓa cin ƙwaya ɗaya daga abin da aka sata ba."

"A ina suke kwana?"

"Cikin dami."

"Yaushe suke satar?"

"Da rana tsaka, a gaban kowa, ana waƙa."

Waziri ya ce tsufa ne ya taɓa mutumin nan, a fitar da shi. Amma sarki ya riga ya kamu, domin ba abin da yake so irin farauta. Ya ce, "Za ka nuna mini su gobe?"

Mantau ya ce, "Zan nuna maka, ya sarki, in ka zo da abu uku: igiya, da mizanin Ma'aji, da dutsen nan na taska."

Tun da asuba sarki ya tashi fada da gaggawa, ko karin kumallo bai bari an yi ba. Rana ba ta yi zafi ba suka isa Tungar Marke, shi da Waziri da Ma'aji da 'yan dogarai, jaki na biye da mizani da dutse. Labari ya riga su isa. Duk ƙauyen ya fito, maza sun cika gindin marke, mata sun yi cincirindo a bayan danga, kowa na son ganin ɓarawon da ya raba shi da barci mai daɗi. Sarkin Dogarai ya naɗe igiya a kafaɗa, ya zagaya rumbun Nomau sau uku yana leƙe-leƙe, yana hura hanci.

Mantau ya sa aka rataye mizani a reshen marke. Aka ɗauko dami guda daga gidan dagaci aka ɗora a gefe ɗaya, aka sa dutse a ɗaya gefen, suka tsaya daidai. Mantau ya ce, "Ma'aji, ka shaida wannan abincin mutum guda ne na wata guda?"

Ma'aji ya gyara alkyabbarsa ya ce, "Na shaida, har da ƙari."

Tsoho ya juya wajen danga ya ce, "To, 'ya'yana, ku fito da turamenku. Ku yi abin da kuka saba, kada ku ƙara kada ku rage."

Sai ga mata goma da turame biyar, Tasalla a gaba. Aka kwance dami, aka raba zangarniya, aka shiga sussuka. Taɓare suka fara sauka bi da bi, wata ta ɗauko waƙa, saura suka amsa, nan da nan aka koma lugude, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Ƙasa ta ɗauki rawa. Sarki bai taɓa ganin wannan aiki kusa haka ba, ga shi kuma yana tsoron kada ɓarawo ya wuce ta gabansa, sai ya riƙa zagaya turamen yana leƙa kowanne, yana cewa, "Ku sa ido! Ku sa ido!"

Da aka gama, matan suka kwashe a ƙore, suka juya wa iska gefe, suka ɗaga sama suna sheƙa. Hatsi ya riƙa zuba ƙasa cikin wata ƙwarya, ƙaiƙayi ya tashi fari fat ya nufi gabas. Mantau ya ɗaga sanda ya ƙwala ihu, "Ga na farko can! Ga shi can yana tsallake danga! A kama!"

Dogarai suka zuba a guje. Sai da suka kai danga suka yi cirko-cirko, ƙaiƙayi na shiga musu ido da wuyan riga, suna soshe-soshe. Mata suka fashe da dariya har wata ta zauna dirshan. Sarki ma dariya ta kusa ƙwace masa, amma da aka ɗora tsabar hatsin a mizani sai dariyar ta ɗauke. Dutse ya yi ƙasa, hatsi ya yi sama.

Ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe, matan nan na iya ɓoye wani abu a zane."

Sarki ya ce, "To, abin da ya saura ni zan yi da hannuna. Mene ne na gaba?"

Tasalla ta ce, "Surfe, ranka ya daɗe. A yayyafa ruwa a daka, har bayan ƙwayar ya fita."

Sarki ya tuɓe alkyabba ya miƙa wa Waziri, ya naɗe hannun riga, ya karɓi taɓarya. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ƙauye ya ruɗe. Ya ɗaga ya buga da ƙarfin mai sarar itace, gero ya yi tsalle ya watse a ƙasa, kaji suka yo ca. Tasalla ta manta a gaban wa take, ta ce, "Kai! Tsakiya ake bugu, ba gefe ba, za ka zubar mini da hatsi!" Sai ta toshe baki. Sarki ya ce, "Faɗi, 'yata, yau ke ce malama." Ya yi ta bugu tana gyara masa, zufa ta jiƙa masa gemu, tafin hannunsa ya yi bororo. Bai kai ga gama turmi guda ba numfashinsa ya fara sama-sama, ya tambaya ko sau nawa ake wannan a wata. Aka ce masa kullum ne. Ya mayar da taɓarya.

Matan suka ƙarasa surfen, suka yi bakace a faifai, dusa ta taru tuli guda a gefe. Wata akuyar maƙwabta ta ratso tsakanin ƙafafun mutane ta tsoma baki. Mantau ya ce, "Ga na biyu nan a ƙasa." Sarkin Dogarai, da yake ya ji kunya a karon farko, ya yi wuf ya zarga wa akuya igiya a wuya, tana kuka yana ja. Tsoho ya ce, "Sake ta, ɗana, ita 'yar karɓar kayan sata ce kawai. Dusar ce ɓarawon." Aka sake kwashewa da dariya.

Aka shanya hatsin ya sha iska, aka mayar kan mizani. Wannan karon dutse ya zauna daram a ƙasa. Sarki ya sa aka cire shi, aka yi ta gwada ƙananan duwatsu har aka sami wanda ya daidaita da hatsin. Aka ajiye shi kusa da dutsen taska, kowa ya gani da idonsa, da kaɗan ya fi rabinsa. Ma'aji ya zame alkyabbarsa a hankali ya naɗe ta a hammata. Nomau kuwa ya tsaya yana kallon duwatsun nan biyu, bakinsa a buɗe.

Sarki ya ce, "Saura na uku, mai sallama."

Mantau ya ce, "Shi sai an kwashe tuwo yake zuwa, ya sarki. A ɗebi rabon yini guda na gidan nan, a ba ta ta dafa."

Aka niƙa, aka tankaɗe, Tasalla ta ɗora tukunya, ta yi talge, ta tuƙa. Wajen la'asar ta kwashe, malmala biyar 'yan madaidaita, ɗaya ga kowane kai. Sarki na tsaye a bakin madafi yana ƙirgawa. Sai ya ga ta sa ɗaya a akushi ta rufe, ta miƙa ta kan danga. Ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Na Inna ne, mahaifiyar maigida. A gidan wansa take zaune, amma ba a ɗora tukunya a gidan ɗanta a hana ta."

Ta gutsuri rabin wata ta sa a ƙaramar ƙwarya. Ta ce wannan na maƙwabciya ce mai jego, domin ranar da ita ta haihu haka aka yi mata kwana arba'in. Ba ta rufe baki ba sai ga Nomau ya shigo da sauri, ya ce, "Ke, wai ba za a kai wa baƙi ba ne? Sarki guda a gidana tun safe bai ci komai ba!" Ya suri akushi mai malmala biyu, ya durƙusa ya ajiye a gaban sarki.

Mantau ya ce, "Ga na uku, ya sarki. Ya yi sallama, an ba shi."

Sarki ya dubi akushin da ke gabansa, ya dubi malmala ɗaya da rabi da ta rage wa mutum biyar. Nomau ma ya duba. Sai ya zauna a ƙasa ya ce, "Kullum haka nake cewa. Kullum. Har da zan tafi na ce mata duk wanda ya zo nemana kada ya fita da yunwa."

Tsoho ya ce, "Wannan ba a sa masa igiya, ya sarki, domin gidan da ba ya shiga ba gida ba ne. Sai dai da aka ƙirga kawuna, masu kwana aka ƙirga, ba a ƙirga masu ci ba." Ya juya wajen mazan da ke gindin marke ya ɗaga murya. "Ku kuma, tsakanin zaure da madafi taki ashirin ne. A cikinku akwai wanda ya je Gwanja fataucin goro ya dawo, amma bai taɓa yin wannan tafiyar ba. Maigida ya san dami, uwargida ta san gari, ba wanda ya taɓa ajiye su wuri ɗaya ya duba. Shi ya ce fada ta auna, fada ba ta kuskure, ashe matata ɓarauniya ce. Ita ta ce in fada ta auna daidai, ashe mijina maha'inci ne. Ku kuma mata, turmi kuke gaya wa damuwarku a waƙa, maigida ya ji daga zaure ya ce yau ana nishaɗi."

Rana ta yi ja, ta rataya a kan rassan marke. Sarki ya ga inuwa ta yi tsawo, sai ya tuna rantsuwarsa. Ya ce, "Baba, ba zan ɗaure iska ba, ba zan ɗaure dusa ba, ba zan ɗaure baƙo ba. In rana ta faɗi igiyar nan ba ta hau hannun kowa ba, matar nan za ta bar 'ya'yanta. Ina ubangidan nasu? Faɗa mini sunansa, ko a bayan kogi yake yanzu a kawo shi!"

Mantau ya ce, "Ya sarki, ni magini ne, ban iya kama suna ba, tambaya na iya. Wa ya ce dami guda abincin wata guda ne?"

"Majalisata."

"Wa ya sa hannu?"

"Ni."

"A cikin waɗanda ka tara kwana ukun nan, mutum nawa ne suka taɓa riƙe taɓarya?"

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya tuna zauren nan, da rawuna, da alkyabbar da ya bayar yana murna. Ya tuna a ranar ma, ana cikin shawara, yana jiyo sautin daka daga cikin gidansa, har ya aika a ce wa matan su sassauta suna damun masu tunani. Kunya ta rufe shi tun daga rawani har takalmi. Ya dubi bororon da ke tafinsa, ya miƙa hannuwansa biyu ya haɗa su.

Ya ce, "Sarkin Dogarai, kawo igiya."

Sarkin Dogarai ya faɗi ƙasa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ka sa a yanka ni ya fi mini sauƙi."

Waziri ya matso yana raɗa cewa ai ana iya yin kaffara. Sarki ya ce, "Da matar nan ce, wa zai kawo zancen kaffara? Na ce ko wane ne shi. Ɗaure!"

Aka zarga igiya a wuyan hannun sarki, aka ƙulla, rana na taɓa kan danga. Sarki ya ce da ƙarfi yadda na bayan danga za su ji, "Ga ɓarawonku, mutanen Tungar Marke. Bai ci ƙwaya ɗaya ba, amma ya cinye muku aure ɗari. Ba mai kwance ni sai wadda na zalunta." Ya juya ga Tasalla. "'Yata, me kike so?"

Hawaye na zuba mata, ta ce, "Ranka ya daɗe, in kwana da yarana."

"Kin samu. Sai me?"

Ta dubi matan da ke bayanta, ta ce, "In za a sake auna mana, a tambaye mu."

"To, na tambaye ki. Dami nawa ne ya isa?"

"Ya danganta da gidan, ranka ya daɗe. Wani gidan da suruka, wani da mai jego, wani a bakin hanya yake. Mai tukunyar ce ta sani."

Sarki ya ce, "Waziri, ka ji doka. Daga yau ba a liƙe bakin rumbu a ƙasata sai miji da mata sun tsaya tare a gindinsa, ana fitar da dami, har ita ta ce ya isa. Rumbunan da ke liƙe yanzu, gobe a buɗe a ɗebar wa kowane gida abin da zai kai shi ruwa. Alkali kuma ya aika wa duk matar da ta bar ɗakinta a kan awo, a gaya mata an kama ɓarawon."

Tasalla ta matso, ta kama bakin igiyar da yatsa biyu ta ja, ƙulli ya warware. Guɗa ta tashi ta ko'ina, maza suka yi ta kabbara, wata mata ta ratsa taro ta je ta tsaya gaban mijinta ta riƙe ƙugu, shi kuwa ya yi ta sosa ƙeya.

Nomau ya shiga ɗaki ya fito da sabon zanen nan, har yanzu a naɗe yake yadda ya taho da shi daga birni. Ya tsaya a gabanta yana juya shi a hannu, ya ce, "Na ce kin jida."

Ta ce, "Ni ma na ce ka sayar."

Ya ce, "Ramin da kika huda, gobe zan toshe."

Ta karɓi zanen ta ce, "A bar shi sai an ɗebi na gobe."

Sarki ya so ya tafi da Mantau fada ya zaunar da shi a damansa. Tsoho ya ce shi laka ya sani, kuma akwai rumbu uku da ke jiransa kafin ruwa. Sai sarki ya roƙi abu guda, a ba shi ƙaramin dutsen nan. Aka ɗora shi kan jaki tare da babban, aka kai su fada aka ajiye a ƙofar zauren shawara, inda duk mai shiga sai ya ratsa tsakaninsu.

A hanyar komawa linzami ya yi ta cin bororon hannun sarki, bai yarda an karɓa masa ba. Waziri ya ce, "Ya sarki, ai da tausayi ka kafa dokar nan."

Sarki ya ce, "Da tausayi na auna, Waziri, zalunci na raba. Farkon adalci tambaya ne, ƙarshensa hukunci. Wanda ya fara da ƙarshen, hannunsa igiya za ta nema."